Jarrabawar zama lauya a Ingila: An daidaita ƙofa, an bar kowa da kuɗin hanya

Sakamakon jarrabawar SQE1 da aka zauna a watan Yulin 2025 ya nuna cewa kashi 41 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka shiga suka yi nasara. Tun da aka fara jarrabawar a Nuwamban 2021 har zuwa lokacin ba a taɓa samun sakamako mai rauni kamar wannan ba. Cikin kowane mutum goma da suka zauna gaban kwamfuta a wancan wata, kusan shida sun koma gida hannu rabbana, kuma duk wanda ya zauna takardun biyu ya biya fam 1,888 kuɗin zama kaɗai, ban da kuɗin makarantar share fage, ban da haya da abinci na watannin da ya ajiye komai ya rungumi littafi.

SQE ita ce jarrabawar da ake bi a zama solisita a Ingila da Wales. A can aikin lauya kashi biyu ne. Akwai barista, wanda aka fi sani da tsayawa gaban alƙali a manyan kotuna, akwai kuma solisita, wanda shi ne mutum ke fara tunkara da matsalarsa: shi ke rubuta yarjejeniya, ya kula da cinikin gida, ya tsara wasiyya, ya riƙe kuɗin wanda yake wakilta, ya je ofishin 'yan sanda idan an kama mutum. A Najeriya an haɗe ayyukan biyu a hannun mutum ɗaya, shi ya sa duk wanda aka rantsar ake rubuta sunansa a matsayin barista kuma solisita na Kotun Ƙoli. A Ingila kowane ɓangare da hanyarsa da hukumarsa. Hukumar da ke sa ido kan solisitoci, wadda ake kira SRA a taƙaice, ita ce ta ƙirƙiro SQE, ta kuma danƙa gudanar da ita a hannun kamfanin Kaplan.

Muhawarar da ta biyo bayan sakamakon ta bi layin da aka saba. Ɗalibai na cewa jarrabawar ta yi tsauri fiye da kima, tana cin lafiya da aljihu. Wasu daga cikin manyan lauyoyi na cewa yaran zamani ne ba su da juriya. A bazarar 2025 an yi ta sa hannu a wata takardar koke ta intanet da ke neman a sake fasalin jarrabawar, sai tsohuwar Antoni Janar ta Ingila da Wales, Suella Braverman, ta fito ta yi wa masu koken shaguɓe, tana nuna cewa wanda jarrabawa ta gagara ba zai iya ɗaukar nauyin shari'ar mutane ba. Duk ɓangarorin biyu sun tsaya kan tambayar ko jarrabawar na da wuya. Wuyarta ba abin musu ba ce, kuma akwai hujjar da za a iya kare ta da ita. Abin da ya fi buƙatar bincike shi ne yadda aka raba nauyin wannan wuya, da kuma a wuyan wa ya fi sauka.

Abin da aka gudo daga gare shi

Kafin SQE, hanyar da aka fi bi ita ce digirin lauya, sai kwas ɗin koyon aiki na shekara ɗaya da ake kira LPC, wanda aka fara a 1993, sannan kwantiragin horo na shekara biyu a wani ofishin lauyoyi. Wannan tsari yana da cututtuka biyu da kowa ya sani. Na farko, kowace makaranta ita ke koyar da kwas ɗin, ita ke tsara jarrabawarta, ita ke duba takardun ɗalibanta. Alƙaluman da SRA ta riƙa fitarwa sun nuna cewa a wasu makarantu kusan kowa na wucewa, a wasu kuma ko rabi ba sa kaiwa, kuma hukumar ba ta da tabbacin ko bambancin daga ɗalibai ne ko daga sassaucin masu dubawa. Na biyu, guraben kwantiragin horo ba su kai yawan masu kammala kwas ba. Mutum zai ci bashi ya biya kuɗin da a Landan ya haura fam 15,000, ya ci jarrabawa, sannan ya shekara uku ko huɗu yana neman ofishin da zai ɗauke shi horo bai samu ba. Lauyoyin Ingila da kansu sun riƙa kiran wannan mataki caca.

Bayan wani babban nazari kan ilimin lauya da aka fitar a 2013, SRA ta yanke shawarar sauya tsarin daga tushe. Hukumar da ke sama da ita, wato LSB, ta amince a Oktoban 2020, sabon tsari ya fara aiki a Satumban 2021. Yanzu abin da ake nema guda huɗu ne: digiri a kowane fanni ko abin da ya yi daidai da shi, cin SQE1 da SQE2, shekara biyu na aikin da ya shafi shari'a wanda za a iya tarawa daga wurare har huɗu, da shaidar kyawun hali. Babu kwas ɗin da ya zama dole. A ƙa'ida mutum na iya sayen littattafai ya karanta a ɗakinsa ya je ya zauna.

Alkawarin da aka yi a lokacin shi ne ma'auni ɗaya ga kowa, kuɗi ƙasa da na da, da buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa da tsirarun ƙabilu. Na farkon ya cika. Sauran biyun ne ake jayayya a kansu.

Minti ɗaya da daƙiƙa 42

SQE1 takardu biyu ce, kowace da tambayoyi 180, jimilla 360, ana zaune su a ranaku biyu daban. Kowace takarda an raba ta zama biyu, tambayoyi 90 cikin awa biyu da minti 33. Idan aka raba, kowace tambaya na da minti ɗaya da daƙiƙa 42. Ba a shiga da littafi. Wanda ya san jarrabawar JAMB zai ɗauka irin canki-cankar da ya saba ce, amma akwai bambanci babba. Kowace tambaya gajeren labari ne na wani da ya zo da matsala, sai a jera amsoshi biyar, a ce a zaɓi wadda ta fi dacewa. Sau da yawa biyu ko uku daga cikinsu ba ƙarya ba ne a shari'ance, sai dai ɗaya ta fi sauran daidai da abin da aka tambaya. Cikin ƙasa da minti biyu ɗalibi zai karanta labarin, ya gane wane fanni ake nufi, ya tuno dokar, ya tace amsoshin. Zai yi haka sau 180 a rana ɗaya, fiye da awa biyar yana kallon allo.

Faɗin abin da ake tambaya shi ne ainihin nauyin. Takarda ta farko ta ƙunshi dokar kasuwanci da kamfanoni, sasanta rikici da ƙarar farar hula, yarjejeniya, cutarwa da biyan diyya, tsarin shari'ar Ingila da Wales, tsarin mulki da dokar gudanarwa, da ƙa'idojin sana'ar lauya. Ta biyu ta ƙunshi cinikin gidaje da filaye, dokar ƙasa, wasiyya da rabon gado, dokar amana, lissafin kuɗin da lauya ke riƙe wa mutane, da dokar manyan laifuka tare da yadda ake gudanar da shari'arsu. Ɗa'ar aiki na iya ɓullowa a kowace tambaya ba tare da an sanar ba, haraji ma yana leƙowa a fannoni da dama. A zamanin LPC, darussan da aka yi a jami'a kamar yarjejeniya da dokar ƙasa an riga an wuce su, sauran kuma ana jarraba su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara, a makarantu da yawa ma da littafi a buɗe. Yanzu abin da mutum ya karanta a ajin farko na jami'a shekara huɗu da suka wuce, da abin da ya koya makon jiya, duk za su zo masa a cakuɗe cikin mako guda ko biyu.

Makarantun share fage sun matse wannan duka cikin 'yan watanni. Kamfanin BARBRI, alal misali, yana da kwas na mako 10, da na mako 20, da na mako 40 ga masu aiki. Wanda ke aiki a matsayin mataimakin lauya daga safe zuwa yamma, shi ne zai dawo gida ya buɗe kwamfuta ya yi awa biyu ko uku kowane dare, ya ba da Asabar da Lahadi, na tsawon wata tara ko goma. Idan ya ci SQE1, sai SQE2: gwaje-gwaje 16 cikin rabin yini biyar, huɗu na baka, 12 na rubutu. A nan zai tattauna da wanda aka shirya ya taka rawar mai neman lauya, ya tsaya gaban mai dubawa ya kare ƙara, ya yi binciken doka, ya rubuta wasiƙa da takardun shari'a. Masu cin wannan mataki sun fi yawa. A zaman farko na 2022 kashi 77 ne suka wuce, kuma tun daga lokacin adadin yana sama da na SQE1 nesa ba kusa ba. Shingen gaske yana a mataki na farko.

Ana ba kowa dama uku ne kawai a kowane mataki, kuma dole a kammala komai cikin shekara shida daga zaman farko.

Ma'aunin wanda ya gama, a kan wanda bai fara ba

SRA ta sha nanata cewa ba ta da adadin da ta ƙayyade na waɗanda za su ci ko su faɗi. Makin cin jarrabawa ana fitar da shi ne ta hanyar tara ƙwararrun solisitoci, su duba tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, su kimanta yadda sabon solisita mai mafi ƙarancin ƙwarewar da ake buƙata zai amsa su a ranarsa ta farko a bakin aiki. Wannan hanya ce da aka daɗe ana amfani da ita a jarrabawar likitoci, kuma mai bita mai zaman kansa da hukumar ta naɗa ya sha bayyana a rahotanninsa cewa jarrabawar, a dunƙule, tana auna abin da aka ce ta auna. Hujjar hukumar mai ƙarfi ce: lasisin solisita bai taƙaita ga fanni ɗaya ba. Wanda aka rantsar yau yana da ikon kula da gadon marayu gobe, ko ya wakilci wanda ake tuhuma da kisa jibi, ko da kuwa duk horonsa a sashen kamfanoni ya yi shi. Idan lasisi ya game komai, ba laifi ba ne jarrabawa ta game komai.

To amma a duba wanda ake aunawa da wannan ma'auni. An tsara jarrabawar a kan matakin wanda ya gama horo, wanda ya riga ya shekara biyu yana ganin takardun kotu da na ciniki da idonsa. Dokar ba ta hana mutum ya fara aikin kafin ya zauna ba. Kasuwa ce ta yanke hukunci akasin haka. Manyan ofisoshin lauyoyi na Landan, waɗanda su ne ke biyan albashi mafi tsoka kuma kowa ke kwaikwayonsu, sun zaɓi su tura waɗanda suka ɗauka makaranta na shekara guda, su ci SQE1 da SQE2 tukuna, sannan su shigo ofis. Dalilinsu a fili yake: ba sa son ma'aikaci ya riƙa ɗaukar hutun karatu a tsakiyar aiki. Sakamakon shi ne ɗan shekara 22 ko 23 da bai taɓa buɗe fayil ɗin kowa ba ana tambayarsa abin da ake sa ran wanda ya goge zai sani. Abin da ya kamata ya shiga kai ta hanyar yi, sai a cusa shi ta hanyar hadda.

Akwai wata shaida a cikin rahotannin SRA kanta da ke ƙarfafa wannan fahimta. Masu koyon sana'ar lauya ta hanyar almajiranci, wato waɗanda suka shiga ofis tun daga sakandare suna aiki suna karatu na kusan shekara shida, sun riƙa yin fice a jarrabawar, musamman a mataki na biyu. Su ne suka fi kusa da mutumin da aka zana jarrabawar dominsa.

Ga wanda babban ofishi ya ɗauki nauyinsa, kuɗi ba matsala ba ne. Ana biya masa makaranta da jarrabawa, ana ba shi kuɗin zama da a wasu wurare ya kai fam 20,000. Amma akwai sharaɗi. A farkon 2024 jaridun da ke bibiyar harkar lauyoyi a Birtaniya sun ruwaito cewa wasu daga cikin waɗannan ofisoshi sun janye tayin horo daga waɗanda suka faɗi SQE1 a zaman farko, duk da cewa hukuma ta ba da dama uku. Wato ga wannan rukuni dama ɗaya ce. Ga wanda ba shi da mai ɗaukar nauyi kuma, damar uku tana nan a rubuce, amma kowace sai ya sake biya.

A wannan yanayi ne kuskuren Kaplan ya faɗo. A zaman Janairun 2024 aka fara bayar da sakamako bisa sabon ma'auni mai maki 500, inda 300 ne makin wucewa. Wajen juya makin ɗalibai zuwa sabon ma'aunin, kamfanin bai cike lambobin da ke bayan ɗigo a matakin da ƙa'idar da aka wallafa ta tanada ba. Mutum 175 daga cikin sama da 6,600 aka shaida wa sun faɗi takarda ɗaya ko duka biyun, alhali sun ci. Sakamako ya fita a watan Maris, ba a sanar da kuskuren ba sai a Afrilu, kuma an gano shi ne a yayin duba ƙorafe-ƙorafen ɗaukaka ƙara, matakin da shi ma sai ɗalibi ya biya kuɗi kafin a saurare shi. Kaplan ya nemi afuwa, ya ba kowannensu fam 250. A cikin waɗancan makonni wasu sun rasa zaman SQE2 da suka yi niyya, wasu kuma ofisoshinsu sun riga sun yanke hukunci a kansu bisa sakamakon da ba gaskiya ba. Tun kafin wannan, a Yulin 2022, matsalar na'ura a wata cibiya a unguwar Hammersmith ta Landan ta sa ɗalibai sun wuni suna jira ba su zauna takardar ba. Kuskure na faruwa a kowace jarrabawa ta duniya. Abin da ya sa wannan ya yi zafi shi ne an gina tsarin da ɗigo ɗaya zai iya raba mutum da aikin da ya shekara biyar yana nema.

Alƙaluman da ba su motsa ba

Tun a zaman farko na 2021, kusan kashi biyu cikin uku na Turawa farar fata sun ci SQE1, yayin da baƙar fata ba su kai kashi 40 ba, 'yan asalin Asiya kuma suka ɗan ɗara su kaɗan. Wannan tazara ta ci gaba da bayyana a zama bayan zama. Adalci ne a faɗi cewa SQE ba ita ta haife ta ba, domin akwai ta a LPC, akwai ta a jarrabawar baristoci da ta likitoci. Binciken da SRA ta ba Jami'ar Exeter, wanda aka fitar da cikakken rahotonsa a 2024, ya danganta ta da abubuwan da suka taru tun daga baya: halin gida, irin makarantar da aka yi, rashin kuɗi, rashin wanda zai nuna hanya, da jin cewa ba a cikin gida ake ba. Kwamfuta ce ke duba SQE1, ba ta san launin kowa ba.

Sai dai wannan bayani yana wanke tambayoyin ne, bai wanke tsarin ba. Idan an san cewa kuɗi da lokaci su ne ke raba masu ci da masu faɗuwa, to tsarin da ya janye hannun hukuma daga horo, ya bar kowa ya sayi abin da aljihunsa zai iya, ba zai rage tazarar ba. Kuɗin jarrabawar biyu ya fara ne a fam 3,980 a 2021. Ya koma 4,564 a 2023, ya koma 4,790 a 2024, daga Satumban 2025 kuma ya zama 4,908. Kwas ɗin share fage yana farawa daga 'yan dubbai ya haura fam 10,000. Da yake gwamnati ba ta ba da rancen karatu don jarrabawar ita kaɗai, makarantu sun naɗe kwas ɗin cikin digiri na biyu domin ɗalibi ya cancanci rancen da a 2025 ya ɗan haura fam 12,000. Wannan dabara ta taimaki wasu, amma ta ƙara musu darussa da rubuce-rubucen da jarrabawar ba ta nema, a daidai lokacin da kowace awa ke da daraja. Idan aka tara, wanda ya bi cikakken kwas yana iya kashe abin da ya kai na LPC ko ya fi, kuma yiwuwar ya ci a zaman farko ta ragu.

Bambancin zaman Janairu da na Yuli ma yana faɗin wani abu. A Janairun 2024 kashi 56 suka ci, a Yulin shekarar 44. A Janairun 2025 kashi 56, a Yuli 41. Janairu shi ne lokacin da rukunin da suka fara cikakken kwas a Satumba ke zama, ciki har da waɗanda manyan ofisoshi suka ɗauki nauyinsu. Yuli ya fi tara masu maimaitawa. Ma'aunin bai sauya tsakanin watannin biyu ba, mutanen da ke zama ne suka sauya.

A nan ne gazawar SRA ta fi fitowa fili. Hukumar ta ce ba za ta sa ido kan makarantun share fage ba, kasuwa za ta tace su, domin za ta riƙa wallafa yawan ɗaliban kowace makaranta da suka ci jarrabawa, kowa ya ga mai kyau da maras kyau. Wannan alkawari na cikin abubuwan da aka gina amincewa da tsarin a kansu. An sa ran ganin alƙaluman tun ƙarshen 2023, hukumar ta yi ta ɗage lokaci tana kafa hujja da matsalar ingancin bayanan da ta tattara, har LSB ta fito ta nuna rashin jin daɗinta. Shekaru huɗu na farkon jarrabawar, dubban matasa sun zaɓi inda za su zuba fam dubu biyar ko goma bisa tallan da makarantun suka yi wa kansu. Ba a fitar da cikakkun takardun jarrabawar shekarun baya, sai samfuri, kuma ƙorafin da aka fi ji daga ɗalibai shi ne samfurin ya fi ainihin jarrabawar sauƙi. Duk wanda ya zauna an ɗaure shi da alkawarin ba zai faɗi abin da ya gani ba. Akwai dalilin tsaro a wannan, domin ana sake amfani da tambayoyi, amma tasirinsa shi ne makarantu kansu suna koyarwa ne bisa hasashe.

Daga Bwari zuwa Accra

Wannan muhawara ba ta tsaya a Landan ba. SQE ta maye gurbin tsohuwar jarrabawar da lauyoyin ƙasashen waje ke bi su samu lasisin Ingila, don haka lauyan da aka rantsar a Najeriya ko Ghana, idan yana son zama solisita a can, ta wannan ƙofa zai bi. Ba a neman shekara biyu na horo daga gare shi, kuma yana iya neman a ɗauke masa SQE2 idan ya nuna gogewar da ta isa. SQE1 kuwa da wuya a tsallake ta. Ana iya zaunta a cibiyoyin kwamfuta a ƙasashe da dama wajen Birtaniya, amma kuɗin da fam ake biya. A 2025, a canjin kusan naira 2,000 kan fam ɗaya, fam 1,934 na SQE1 ya tasam ma naira miliyan huɗu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 kuma ƙananan lauyoyi da yawa ba su yi masa nisa ba. Kamanceceniyar dokokin ƙasashen biyu na iya zama tarko: tushen dokar yarjejeniya ɗaya ne, amma dokar ƙasa, da haraji, da ƙa'idojin kotu sun rabu tun da daɗewa, kuma amsar da ta yi daidai a Kano na iya zama ta biyu a daidaito a Manchester.

Najeriya ta riƙe tsarin da Ingila ta saki, har ma ta fi shi tsauri. Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya, wadda dokar 1962 ta kafa kuma ta buɗe a Legas a Janairun 1963 da ɗalibai takwas, ita kaɗai ce hanya. Daga hedikwatarta a Bwari zuwa rassanta na Legas, Enugu, Bagauda a Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal, manhaja ɗaya ce, darussa biyar ne, da zaman koyo a kotu da ofishin lauya, sannan jarrabawar ƙarshe a mako guda. Ɗalibanta ma suna kuka da nauyi, kuma shekaru da dama an san ta da tsarin da darasin da ɗalibi ya fi rauni a ciki ke yanke darajar sakamakonsa gaba ɗaya. Amma hukumar da ke jarrabawar ita ce ke koyarwa, don haka idan ɗalibai suka zube akwai wanda za a tambaya. Matsalarta ta gurbi ce: jami'o'i na yaye fiye da abin da azuzuwanta za su ɗauka.

Ghana ta ɗanɗani ƙarshen wannan matsala. A 2019 mutum 128 ne kawai cikin 1,820 suka ci jarrabawar shiga makarantar lauyoyi ta ƙasar, ɗalibai suka yi zanga-zanga a Accra, 'yan sanda suka tarwatsa su da ruwan zafi. A 2021 wasu 499 sai da suka kai ƙara kotu kafin a ba su gurbi. A 2025 Antoni Janar Dominic Ayine ya bayyana shirin kawo ƙarshen riƙon da makaranta ɗaya ta yi wa horon, a bar jami'o'i su koyar, kowa ya zauna jarrabawar ƙasa guda ɗaya. Wannan, a fasali, hanyar da Ingila ta bi ce, kuma a Najeriya ma ana jin masu kiran a yi haka duk lokacin da maganar cunkoso ta taso. Abin da shekaru huɗu na SQE suka nuna wa masu wannan shiri shi ne cunkoson ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa. A da mutum na maƙalewa ne wajen neman gurbi, yanzu yana maƙalewa a bakin jarrabawa bayan ya riga ya kashe kuɗin, kuma idan ba a tilasta wa masu koyarwa bayyana sakamakon ɗalibansu tun daga rana ta farko ba, wanda ya fi kowa rashin mai ba shi shawara shi zai sayi kwas mafi rauni.

A Ingila tsohuwar hanyar LPC na ci gaba da rufewa, waɗanda suka riga suka fara ta ne kawai ke da izinin kammalawa zuwa ƙarshen 2032. Zaman SQE1 da ya biyo bayan na Yulin 2025 shi ne na Janairun 2026. Daga cikin waɗanda suka shiga akwai waɗanda suka faɗi a Yuli, wasunsu a karo na biyu, wasu a na uku, kuma wanda ya faɗi a na ukun sai ya jira shekaru shidansa su cika kafin a sake buɗe masa rajista.